Verna Ba Ta Ɗaga Labule

A ƙauyenmu, nan yammacin Wisconsin, kafin a tambayi halin mutum sai an tambayi lokacin da yake tashi daga barci. Masu shanun tatsa ne mu tun kaka da kakanni. Saniya ba ruwanta da Lahadi, ba ruwanta da zazzaɓin mai ita, asuba na yi sai a tatse ta. Yanzu yawancinmu mun sayar da shanun, amma ɗabi'ar tana nan daram. Duk wanda rana ta fito ta same shi kwance, ko dai ba shi da lafiya ko kuma malalaci ne. Ba mu san na uku ba.

Daga nan al'adar labule ta fito. Duk mai zama shi kaɗai a gida, da ya tashi zai fara ɗaga labulen tagar kicin, wadda ke kallon titi. Masu wucewa su gani, su san ya kwana lafiya. In hantsi ya yi labule yana a sake, sai a tsaya a ƙwanƙwasa. Ban raina al'adar ba. Da sanyin nan namu mutum kan faɗi a banɗaki ya kwana a ƙasa ba wanda ya sani, kuma labulen ya ceci mutanen da na sani da sunansu. Ni ma ina ɗaga nawa tun rasuwar mijina.

Verna 'yar wana Arvid ce. Gidansu na fuskantar nawa, titi ne kawai tsakaninmu, don haka a gaban idona ta girma har ta haura hamsin. Tun tana goye dare bai taɓa zama lokacin barcinta ba. Arvid ya yi fama har ya gaji. Yakan tashe ta da asuba ya tura ta wajen shanu, in ya waiwaya sai ya ga ta jingina goshi da cikin saniya tana barci, bokiti wayam. An gwada madara mai ɗumi, an gwada cire ƙwan fitilar ɗakinta, an gwada faɗa, an gwada addu'a. Sai ta kwanta cikin duhu ido biyu har gari ya waye, sannan barci ya kwashe ta kamar matacciya. Arvid ya mutu yana ganin taurin kai ne.

Tana sakandare ta ci karo da tsohon keken ɗinkin kakarta a ɗakin shirgi, irin wanda ake takawa da ƙafa. Ba ɗinki ne ya ja ta ba. Har yau Verna ba ta iya ɗinka maɓalli ba, ba ta kuma damu ta iya ba. Cikin keken take so. Takan kwance shi kaf, ta jiƙa ƙarafan a kananzir, ta goge kowanne, ta jera su bisa farin ƙyalle, sannan ta mayar da komai wurinsa ta taka, ta karkata kai tana sauraron ƙararsa. Da labari ya bazu, duk wanda ya tsinci mataccen keke a rumbun kakarsa sai ya kawo mata. In ka kuskura ka tambaye ta bambancin kwarkwaron zaren wannan keke da na wancan, gahawarka za ta huce, ka sa rigar sanyi, ka kama marfin ƙofa, ita tana nan tana bayani.

Lokaci kuwa ba ya bi ta jikinta yadda yake bi ta namu. Ni ina jin azahar a cikina, ina jin yamma a gwiwoyina. Ita babu. In ta ce maka tana zuwa yanzu, kana iya ganinta gobe, kuma ta rantse ɗazu-ɗazu kuka rabu. Ba ƙarya take yi ba, Verna ba ta iya ƙarya ba. Ta taɓa gaya mini cewa in tana gaban keke babu ɗazu babu anjima, sai ƙarfen da ke hannunta. Amma ka zaunar da ita ɗan jira kaɗan a asibiti, za ta fito a galabaice kamar wadda ta shekara a kurkuku.

Sai da ta wuce arba'in wata likita a birni ta ba abin suna. Ta ce otizim ne, abin da ake kira galahanga, ta ce halitta ce ba ciwon da ake warkewa ba, kuma masu ita da yawa haka barcinsu yake. Uwarta Lorna ta dawo gida ta ce to, an gode, ta ci gaba da abin da take yi tun fil azal. Ita ce agogon Verna. Ita ke ajiye faranti a bakin ƙofar ɗakin aiki, ita ke leƙawa ta ce yau Lahadi ce, ita ke cewa a yi wanka. Ita ce kuma ke ɗaga labule.

Lorna ta rasu da kaka, ana girbin masara. Daga ranar labulen gidan bai ƙara ɗaguwa da safe ba.

Da farko mutane sun yi shiru, suka ce makoki ne. Sannan gunaguni ya fara, kuma Orrin ne kan gaba. Orrin tsohon maƙwabcinmu ne, gidansa na bisa tudu, tare muka yi makaranta. Kullum da safe yakan gangaro a akori-kurarsa zuwa shagon ƙungiyar manoma, inda tsofaffin maza ke shan gahawa suna gyara duniya. Ya tsayar da ni ya ce labulen yarinyar Arvid na hana shi sukuni. Na ce yarinyar ta haura hamsin, kuma barci take yi, ya kama gabansa.

Tsakiyar sanyi na tafi birni a cire mini yanar ido, na kwana gidan 'yata. Washegari aka tashi da irin sanyin da ke fasa famfo. Orrin ya wuce ya ga labule a sake, ni kuma ba na nan. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Verna na barci ne da abin toshe kunne irin na masu tuƙa tarakta, ta lulluɓa da bargo mai nauyi, ko coci ce ta rushe ba za ta ji ba. Sai ya kira 'yan kwana-kwanan ƙauye, waɗanda duk 'ya'yan maƙwabta ne. Suka ɓalle ƙofar kicin, suka hau bene da manyan takalmansu.

Verna ta buɗe ido ta ga maza tsaye a kanta, ɗaya ya sa yatsu a wuyanta yana neman bugun jini. Ita da ko uwarta ba ta taɓa ta sai ta sanar da ita. Ta ture shi, ta rarrafa ƙarƙashin teburin aiki, ta toshe kunnuwa tana girgiza jiki. A nan na same ta da na dawo da yamma, idona ɗaya a naɗe. Ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba.

'Yan kwana-kwanan kuwa sun ga abin da suka gani. Kekuna a kan matakala, kekuna bisa teburin cin abinci, kan keke ɗaya a cikin bahon wanka. Sun kuma ga tukunyar da ta ƙone ƙurmus bisa murhu. Tukunyar nan gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba. Ta ɗora abinci ta hau sama don ta duba abu ɗaya, Allah ne kawai ya kiyaye. Orrin ya buga wa ƙaninta Curtis waya.

Curtis na aikin ofis a birni. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika masa ciki. Ya zo ƙarshen mako da magana a shirye. Ya samo mata gurbi a wani gidan kula da masu rauni, wuri mai tsabta, ana kashe fitilu da an gama kallon labaran dare, ana karyawa da sassafe, kuma sun yarda ta je da keke ɗaya. Ya ce zai nemi alƙali ya ba shi ikon yanke mata shawara, amma kafin nan hukuma za ta turo ma'aikaciya ta duba ko Verna na iya riƙe kanta. Na ce masa gidan nan uwarsu ta bar mata shi da bakinta. Ya ce uwarsu ba ta ga tukunyar ba. Da muka ja muka ja, ya ce in Verna za ta zauna kamar sauran mutane, ta kwanta da dare, ta tashi da safe, ta ɗaga labule, zai janye.

Verna ta ji sharaɗin, ta ce za ta gwada. Curtis ya sayo agoguna masu ƙararrawa ya baza a ɗakunan gidan. Takan kwanta da wuri, ta ƙura wa rufi ido har asuba, barci na ɗaukarta ƙararrawa na kaɗawa. Ta sauko tana tangaɗi ta ɗaga labule. Mazan shago suka ji daɗi, suka ce ashe tana iyawa, Lorna ce ta shagwaɓa ta.

Ni da nake shiga gidan na ga abin da ba su gani ba. Fuskarta ta koma kamar toka. Ta yanke yatsa da wuƙar burodi. Na same ta zaune gaban keken da take iya haɗawa ido rufe, ƙarafa jere a kan ƙyalle, ta kasa gane wanne ke bin wanne. Ba ta taɓa su ba, ba ta kuma tashi ba. Abincin da na kawo jiya na nan da murfinsa. Ban nemi izinin kowa ba. Na bi ɗaki-ɗaki na tattara agogunan a cikin kwandon wanki na tsallaka da su gidana, na ce mata ta je ta kwanta. Ta yi barci har rana ta faɗi ta sake fitowa.

Da ta dawo hayyacinta na kawo mata dabara. Tunda asuba take kwanciya, ta ɗaga labulen kafin ta hau gado, kowa ya huta. Ta dube ni kamar na ce ta yi sata.

"Labule cewa yake na tashi, Gwaggo. Ni kuwa ban tashi ba."

"Labule ba ya magana, Verna."

"To me ya sa suka ɓalle mini ƙofa?"

Na bar zancen. Amma na tambaye ta game da fitila. Ɗakin aikinta na sama, tagarsa na kallon kicin ɗina, kuma shekara da shekaru ina ɗora ruwan gahawa da asuba ina ganin fitilar ta mutu. Na ce in mutane suka dogara da wannan fa? Ta yi tunani mai tsawo. Ta ce wannan ba ƙarya a ciki, don in za ta kwanta tana kashewa, in ba ta kashe ba to ba ta kwanta ba.

Ran Lahadi bayan sujada, a zauren ƙasan coci inda ake shan gahawa da wainar fulawa, Orrin ya zo ya tsaya kusa da ni yana murza hula. Ya ce shi dai ranar da aka ɓalle ƙofar Verna, abin da zai so a yi masa ya yi. Na ce na sani, ban ce ya yi da mugunta ba. Sai ya ƙara da cewa amma fa gaskiya ɗaya ce, mutum ba mujiya ba ne, Allah ya yi dare don barci. Mutane suka fara juyowa.

"Orrin, kai yaushe kake farkawa?"

"Kin fi ni sani, Marlys. Lokacin tatsa."

"Kana tatsar me?"

Ya ci gaba da murza hula. Matar fasto ta sa hannu a baki.

"Shanunka sun tafi tun jikokinka na rarrafe. Kana kwance cikin duhu kana ƙirga katakon rufi, kana jiran shago ya buɗe. Jikinka ya ƙi bin agogo, ya bi abin da ya ga dama. Wa ya ce a kwashe ka a kai gidan kulawa?"

Aka yi dariya, har da shi, ko da yake tasa ta yaƙe ce. Ya ce da mijina na da rai, da shi Orrin ya tausaya masa. Na ce mijina ya huta da ni, saura shi.

Sannan na gaya musu zancen fitila. Daga tudun Orrin ma ana hango tagar. In ta mutu da asuba, Verna na da rai, ta kwanta, kowa ya bar ta. In rana ta fito tana ci, ko ta manta ne ko akwai matsala, a zo wurina, makulli na hannuna, kuma ni na san yadda ake shiga ɗakinta. Wata ta tambaya, da ladabi dai, in ni na mutu fa. Na ce ta duba zauren nan da kyau, rabinsa tsofaffin masu tatsa ne da ba sa barcin asuba, ba za a rasa mai kallon taga ba. Babu wanda ya ce ya yarda. Babu kuma wanda ya ce bai yarda ba, a wurinmu kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Curtis ya ji labarin agogunansa, ya kira ni ya ce na karya yarjejeniya. Na ce ban sa hannu a yarjejeniyar kashe 'yar wana ba. Ya tsayar da ranar zuwan ma'aikaciyar, ya ce ta zo da safe. Na san abin da yake so ta gani.

Verna ta tsani waya kamar me, ƙararta kaɗai kan sa ta bar ɗaki. Amma ita da kanta ta ɗauka ta kira ofishin ma'aikaciyar, ina zaune ina ji. Ta ce sunanta Verna, da safe barci take yi, a zo da la'asar. Ta ajiye ba sallama.

Da la'asar matar ta zo, wata 'yar tsaka-tsaki mai jakar hannu da takalmin ƙanƙara. Muka zauna a kicin, ni da ita da Curtis da Verna, kan keke ɗaya a tsakiyar tebur don ba wanda ya isa ya matsar da shi. An toshe ƙofar da aka ɓalle da falankin katako, iska na shigowa ta gefe. Matar ta tambayi Verna ko takan manta da cin abinci. Ta ce ƙwarai. Ta tambaye ta ko wannan ne karon farko da tukunya ta ƙone. Ta ce a'a, ta fara lissafo sauran. Na so in taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, na tuna ba a taɓa ta. Curtis na gyaɗa kai. Matar ta tambaye ta yau wace rana ce, Verna ta ce ba ta sani ba, amma ta san ranar zuwanta ce, don Gwaggo ta faɗa mata.

Daga ƙarshe aka tambaye ta ko tana son komawa gidan da ƙaninta ya samo. Ta ce a'a. Curtis ya matso da kujerarsa.

"Yaya, ba kora ba ce. Ina kwana ina tunanin za a kira ni a ce gidan nan ya kama da wuta kina sama. Can akwai masu dubawa dare da rana."

Verna ba ta dube shi ba, ba ta duban kowa in tana magana. Keken take kallo.

"Na gwada barcinku, Curtis. Na daina gane hannuna. In aka kai ni can haka zan zauna kullum. An ɓalle ƙofata don a ga ko ina da rai, an gani. Yanzu kuma me ake nema?"

Matar ta rufe jakarta. Ta ce barcin rana ba dalili ba ne na raba mutum da gidansa, amma murhu dalili ne, kuma ba za ta yi wasa da shi ba. Dole a canza shi da irin wanda ke kashe kansa, a samu mai kawo dafaffen abinci, a ba wani maƙwabci makulli ƙari kan nawa, a kuma sauke kekunan da ke kan matakala. Verna ta yarda da komai ban da matakala. Aka yi ta ciniki har duhu ya fara, ta amince a bar gefe ɗaya fili. Matar ta gaya wa Curtis yana da damar zuwa gaban alƙali, amma ita ba za ta goyi bayansa ba.

A tsakar gida Curtis ya tsaya yana kankare ƙanƙara daga gilashin motarsa, ya ƙi juyowa.

"In wani abu ya same ta, Gwaggo, yana wuyanki."

"Na ɗauka. Ka tuƙa a hankali, hanya da santsi."

Bai je gaban alƙali ba. Bai kuma ƙara taka gidana ba. Yana kiran Verna lokaci-lokaci, ita kuma ba ta ɗauka sai ta ga dama. Ban ce ya yi kuskure da ya ji tsoro ba. Wata rana tsoronsa na iya tabbata, ni ma na sani. Amma ba zan zauna ina kallo a kashe mata rayuwa a tsaye don kada ta mutu a kwance ba.

Tana nan a gidanta. Makon jiya wani ya kawo mata keke daga wata gona da aka yi gwanjonta, duk tsatsa, ɓeraye sun yi gida a cikinsa. Ta hau sama da shi, rana ta fito ta faɗi ta sake fitowa ba ta sauko ba. Na tsallaka da miya a kwano, na tsaya daga bakin ƙofa, na kira sunanta a hankali. Hannunta baƙi ƙirin da mai, idanunta ja, fuskarta kuwa a sake kamar ta yarinya. Na ce mata yau Laraba ce.

Ta ce me za ta yi da Laraba. Ta ce in ajiye miyar, saura kaɗan ta gama.